Darasin Wata: Yadda Mai Koyar da Shugabannin Ƙungiya Zai Kai Ga Ƙauyuka Da Yawa

Darasinmu na wannan wata a kan wata sana'a ne wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta kuma neman jari mai yawa. Sana'ar ita ce koya wa shugabannin ƙungiya yadda za su riƙe ƙungiyarsu. Mun shirya darasin ne musamman domin ɗalibanmu na ƙasar Rano da Kibiya waɗanda suka gama ajin yaƙi da jahilci, suka iya karatu da rubutu da lissafi. Da yawansu kan tambayi malamansu, to yanzu me za mu yi da wannan ilimi? Wasu kuma sun riga sun fara taimakon ƙungiyar garinsu, suna so aikin ya wuce gari ɗaya.

Ƙungiya mai saurin mutuwa

Wanda duk ya zaga Rurum da Saji da Lausu da Zurgu, ko ya shiga Tarai da Durba da Fammar da Nariya, zai tarar da ƙungiyoyi iri-iri. Akwai ta manoma, akwai ta mata masu adashi, akwai ta samari masu aikin gayya, akwai ta iyaye da malamai. Kafa ƙungiya ba wuya. Riƙe ta shi ne aiki.

Ga yadda abin yakan faru. A ji labarin za a raba taki ko a ba da rance. A yi maza a taru a ƙofar gidan mai unguwa, a raɗa wa ƙungiya suna. A ba wanda ya fi kowa kuɗi shugabanci, ko wanda ya fi kowa iya magana. Ma'aji ya riƙa zuba kuɗin jama'a a aljihun da yake zuba nasa, lissafin kuwa yana kansa. Bayan wata shida wani ya tashi ya ce, nawa muka tara? Ma'aji ya faɗi nasa, magatakarda ya faɗi nasa, bakinsu bai zo ɗaya ba. Daga nan sai zargi. Sau da yawa ba wanda ya ci kwabo, mantuwa ce kawai. Amma ƙungiya ta watse, kuɗi sun salwanta, maƙwabta kuma sun daina gaisawa a masallaci. Wannan na ƙarshe ya fi asarar kuɗin ciwo.

Maganin wannan shi ne abin da za ka sayar.

Abin da ake koyarwa

Shugaba yana bukatar ya iya kiran taro a kan lokaci, ya faɗi abin da aka taru a kai, ya bar kowa ya yi magana, har da matashi da mai ƙaramin ƙarfi. Ya iya rufe magana da ƙuri'a ko da yardar jama'a, kada a tashi ba a san abin da aka yanke ba. Ya kuma san cewa kujerarsa tana da wa'adi.

Magatakarda, wato sakatare, shi ne mai rubuta ranar taro, da sunayen waɗanda suka zo, da abin da aka yanke. A taro na gaba ya tashi ya karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Ma'aji ne ya fi bukatar a zauna da shi. Ka koya masa ya ja layi a littafi, ya raba shafi gida huɗu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Kada ya karɓi kuɗi a hanya ko a kasuwa, sai a gaban taro. A ƙirga kuɗin a kan tabarma kowa yana gani, a faɗi jimla da ƙarfi kafin a tashi. Idan kuɗin sun yi yawa a kai banki, a sa hannun mutum biyu ko uku.

Sai dokar ƙungiya. Nawa ne zubi? Wace rana? Mene ne tarar wanda ya makara? Idan ɗan ƙungiya ya rasu, yaya za a yi da kasonsa? Kai ba kai ne za ka yanke musu ba. Aikinka ka yi tambaya, su ba da amsa, magatakarda ya rubuta.

Wata shawara a nan. Wasu masu koyarwa sukan ware shugabanni uku su kai su ɗaki su koya musu su kaɗai. A ganinmu wannan kuskure ne. Idan shugabanni kaɗai suka san doka, wa zai tsayar da su ran da suka karkace? Ka koya musu a gaban dukan 'yan ƙungiya. Ta haka kuma wanda zai gaje su gobe ya riga ya ji darasin.

Batun kuɗin aiki

Mutanenmu sun saba a koya musu kyauta, har ma a ba su kuɗin mota in an tashi. Saboda haka ran da ka ce a biya ka, wasu za su yi dariya. Kada ka ji haushi. Ka yi wa ƙungiyar garinku aiki tukuna, har littafinta ya cika shekara ba rigima. Sa'an nan ka yanka wa na waje farashi tun kafin a fara, a faɗa a gaban kowa, a rubuta. Idan babu kuɗi a hannu ana iya shiryawa a kan kwanon masara ko na dawa da kaka. Abin da ba shi da kyau shi ne ka yi shiru saboda kunya, a gama aiki sannan ka fara bin mutane.

Ranar da aiki ya fi ƙarfinka

Ɗauko fensirinka mu yi lissafi tare. Adadin nan duk misali ne, kowa ya sa na garinsu.

A ce kowace ƙungiya tana bukatar zama 8, sau ɗaya a mako. Wata biyu ke nan. A ce kana iya zuwa ƙungiya 4 a mako, domin akwai Juma'a, akwai ranar kasuwa, akwai hidimar gida. Da damina kuwa kowa yana gona, kai ma kana taka. Lokacin koyarwa shi ne daga Disamba zuwa Mayu, wata 6. Wato zagaye 3. Ƙungiya 4 sau 3, ƙungiya 12 ke nan a shekara. Idan kowace tana da mutum 25, ka kai ga mutum 300.

Nan ne iyakarka, ko da babur ɗinka sabo ne. Idan ƙungiya ta 13 ta aiko daga Kahu, ta 14 ta aiko daga Yalwa, me za ka ce musu? Mai kwaɗayi zai amsa duka. Sai ya fara makara, ya rage zama 8 ya koma 3, ya yi wa Rurum alkawarin Talata ya kuma yi wa Saya-Saya alkawarin Talatar nan. Taura biyu ba ta taunuwa. Kafin shekara ta kewayo sunansa ya ɓaci, a wannan sana'a kuwa suna shi ne jari.

Abin da matan Maraɗi suka yi

Wannan matsala an taɓa samunta a maƙwabta. A shekarar 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani shiri da matan karkara a yankin Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar. Sunan shirin Mata Masu Dubara. Mata su haɗu kamar su ashirin ko talatin, su riƙa zubi kowane mako a cikin akwati. Daga abin da suka tara suke ba junansu rance, ƙarshen zango kuma su raba. Ba a kawo musu kuɗi daga waje ba. Abin da aka kawo musu shi ne horo: yadda za su zaɓi shugabanni, su kafa doka, su tsare akwati. An san irin waɗannan ƙungiyoyi da akwati mai kwaɗo uku, kowane makulli a hannun mace daban, yadda ba mai iya buɗewa ita kaɗai.

Da farko ma'aikatan CARE ne suke zuwa ƙauye su koyar. Da labari ya bazu, ƙauyukan da suke nema suka fi ƙarfin ma'aikatan. Sai aka koma ɗaukar mata daga cikin ƙungiyoyin da suka ƙware, a ƙara musu horo, su je su koya wa sababbin ƙungiyoyi. Ƙungiyar da aka koya wa ita ce take biyan mai koyarwar. Wato horon ya zama sana'ar matan ƙauye da kansu. Ta haka shirin ya game Nijar, ya kuma ƙetara zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Wasu daga cikin matan nan da suka koyi riƙe taro a gindin bishiya sun tsaya takara, suka zama kansiloli a zaɓen ƙananan hukumomin Nijar na 2004 da na 2011.

Game da sa ruwa a kan rance, wannan magana ce da kowace ƙungiya za ta kai wa malaman addini kafin ta rubuta dokarta. Abin da muke so mai karatu ya ɗauka daga Maraɗi shi ne dabarar yaɗa horon.

Dabarar ma ba baƙuwa ba ce ga ɗalibanmu. Wajen shekarar 1930 wani Ba'amurke mai suna Frank Laubach yana koyar da manya karatu a ƙasar Filifin. Kuɗin biyan malamai suka ƙare. Sai aka tsayar da cewa duk wanda ya iya ya koya wa wani. Taken nan na kowa ya koyar da ɗaya daga can ya fito. Hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ita ma ba daga Kano take zuwa kowane aji ba. Da malaman cikin gari take aiki.

Yadda za ka zaɓi mataimaka

Kada ka ɗauki mutum don ƙanenka ne ko surukinka. Ka duba cikin ƙungiyoyin da ka horar. Wane magatakarda ne littafinsa ya fi tsabta? Wane ma'aji ne ba a taɓa samun gibi a hannunsa ba? Wa mutane suke saurara in ya yi magana, ba don tsoro ba? Mai haƙuri ya fi mai ƙwaƙwalwa amfani a nan, domin dattijo zai tambayi abu ɗaya sau huɗu.

Ka tafi da shi zagaye guda yana kallo. Zagaye na biyu shi ya koyar, kai ka zauna a baya ka yi shiru. In ya yi kuskure kada ka gyara masa a gaban jama'a, ka bari sai kun kama hanyar gida. A zagaye na uku ka sake shi.

Akwai abin da ya wajaba kafin ka sake shi. Ka rubuta darussan nan 8 a littafi ɗaya, da Hausa mai sauƙi, kowane darasi shafi ɗaya ko biyu. A ɗauki hotonsa a Rano, kowane mataimaki ya riƙe nasa. Inda mutane suka fi sabawa da ajami a juya musu da ajami. In ba a rubuta ba, abin da ake koyarwa a Zinyau zai sha bamban da na Fassi, kuma duk da sunanka ake yi.

Mu koma ga lissafi. A ce ka horar da mataimaka 5, kowane yana riƙe ƙungiya 2 a zagaye. Ƙungiya 10 ke nan a zagaye, 30 a shekara. Kai kuma dole ka rage naka zuwa 2 a zagaye, domin ka sami ranakun zuwa duba aikinsu. Naka 6 a shekara. Jimla ƙungiya 36, mutum 900. Ka ninka na da sau uku.

Yanzu kuɗi. A ce kowane ɗan ƙungiya yana ba da N200 a zama. Mutum 25, N5,000 ke nan. Zama 8, N40,000. Lokacin da kake kai kaɗai, ƙungiya 12 sun ba ka N480,000 a shekara, kafin a cire man babur. Da mataimaka fa? Naka 6 sun ba ka N240,000. A ce kun shirya kana karɓar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mataimaki ya samu, wato N10,000 a kowace ƙungiya. Sau 30, N300,000. Jimla N540,000.

Ka duba da kyau. Mutane sun ninku sau uku, amma kuɗinka N60,000 kawai suka ƙaru, ita ma man zuwa duba aiki zai iya cinye ta. Mun faɗi haka ne don kada wani ya shiga da zaton zai sayi mota a shekarar farko. Ribar tana zuwa daga baya. Ƙungiyoyi 36 ɗin nan za su bukaci a duba musu littafi ƙarshen shekara. Za su yi sabon zaɓe, sababbin shugabanni su bukaci horo. Wannan aiki ne na kwana ɗaya ɗaya, kuma wanda suka sani za su kira.

Wata rana mataimakinka zai ce zai tsaya da ƙafarsa. Haka almajirin tela yake yi, haka yaron makaniki. Ku yi maganar tun farko, ku rubuta shekara nawa zai yi tare da kai, da ƙauyukan da kowa zai riƙe in kun rabu.

Gani ya kori ji

Manoman ƙasar nan sun san shukar Sasakawa, ƙwaya ɗaya a rami, kusa-kusa. Shirin Sasakawa ya shigo Nijeriya a 1992, Kano tana cikin jihohin farko, ya kuma yi aiki da malaman gona na KNARDA. Ba da dogon jawabi aka shawo kan manoma ba. A gonar manomi aka yi gwaji, maƙwabta suna wucewa suna ganin masarar da idonsu.

Kai ma gonar gwajinka ita ce ƙungiyar da ta yi kyau. Ranar da za ta karanta lissafin shekara, ko ranar rabo, ka nemi izininta ka gayyato mutum biyu-biyu daga ƙauyukan kusa. Su zauna su ga an ƙirga kuɗi, an karanta littafi, baki ya zo ɗaya, an tashi ana dariya. Ba sai ka ce komai ba.

Ta ƙofa ake shiga gari

Kafin ka tara mutane a garin da ba naku ba, ka fara gaida mai unguwa da dagaci, ka faɗa musu abin da ya kawo ka da abin da za a biya. Ka gaida liman. In aikin ya game gunduma, hakimi ya sani. Jami'in ilimin manya na ƙaramar hukuma da malamin gona su ma su sani, domin su ne ake tambaya in an ga baƙo yana tara jama'a.

Ƙungiyoyin mata suna da yawa, watakila ma sun fi na maza riƙe zubi. Namiji ba zai shiga gidan aure ya zauna da su ba. In babu mace cikin mataimakanka, rabin garin ya wuce ka. 'Yar'uwa mai karatu, wannan fili naki ne. Ki nemi yardar maigida, ki fara da matan unguwarku, ki zaɓi lokacin da an sauke tukunya.

Ka kuma lura da lokacin kowa. Masu noman rani da ruwan madatsar Tiga, wajen Bunkure da Kura da Kadawa, rani ne lokacin aikinsu. Kada ka kai musu jadawalin mai noman damina.

Waya da rediyo

Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, tafiya ta ragu. Mataimaki yana iya ɗaukar hoton shafin littafin ma'aji ya aiko maka ta WhatsApp, ka duba kana gida. Kana iya ɗaukar muryarka na minti biyu ko uku kana tuna darasin mako, a kunna wa waɗanda ba su iya karatu ba. Amma waya ba ta ƙirga kuɗi a kan tabarma. Kowace ƙungiya ka je mata da ƙafarka aƙalla sau biyu cikin zama 8.

Rediyo kuwa yana kai murya nesa, har inda ba ka taɓa zuwa ba. Sai dai sayen fili a gidan rediyo yana da tsada. Kuma idan ƙauye hamsin suka kira ka a mako ɗaya kana da mataimaka biyu, ka jawo wa kanka. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tanadi masu koyarwa tukuna, sanarwa ta biyo baya.

Ramukan da ake faɗawa

Kada ka taɓa yi wa ƙungiya alkawarin za ka samo mata rance ko taki ko injin ban ruwa. Da yawa za su zo ne don wannan zato. Ka faɗa musu tun zaman farko cewa horo kaɗai kake sayarwa. Waɗanda suka tashi, bar su su tafi.

Kada kuɗin ƙungiya su kwana a hannunka, ko da sun roƙe ka. Kai malami ne, ba ma'aji ba.

Sai siyasa. Mutumin da yake da ƙungiya 36 a bayansa, 'yan takara za su san gidansa in zaɓe ya matso. Za a zo da kyauta, a ce ka tara mana mutanenka. A cikin kowace ƙungiya akwai 'yan jam'iyya daban-daban. Ran da ka hau motar ɗaya, rabin ɗalibanka sun daina jin maganarka. Kana da ƙuri'arka kamar kowa, amma sunayen 'yan ƙungiya da lambobin wayarsu amana ce, ba a miƙa wa kowa.

In aiki ya kankama, ka yi wa sana'arka rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, domin ka iya buɗe asusun banki da sunanta, ka kuma riƙa ba da rasit. Ƙungiyar da take so ta zama ta gama kai, ka nuna mata ofishin gama kai ta je da kanta. Kada ka buga wata takardar shaida mai kama da ta hukuma kana sayarwa.

Aikin aji

Malamai su taimaka wa ɗalibai su yi waɗannan a littafinsu kafin fitowa ta gaba.

1. Rubuta sunayen ƙungiyoyin da suke garinku. Wace ce take da littafin ma'aji? Wace ce ba ta da shi?

2. Ja layi a shafi, ka raba shi gida huɗu kamar yadda aka nuna. Shigar da wannan: an yi zubin N5,000, an sayi littafi da biro na N700, an karɓi tarar makara N300. Nawa ya rage?

3. Idan kana da mataimaka 3, kowane yana riƙe ƙungiya 2 a zagaye, kai ma kana riƙe 2, ƙungiya nawa za ku horar a zagaye 3?

4. Ku zaɓi mutum uku a aji su zama shugaba da magatakarda da ma'aji. Ku yi taron minti goma a kan gyaran rijiyar unguwa. Magatakarda ya karanta abin da ya rubuta, sauran su faɗi abin da ya manta.